Alƙalami a Hannun Wa? Tsokaci a Kan Koyar da Insha'i da Rabon Iko a Ajin Hausa

1.0 Gabatarwa

Daga cikin sassan manhajar Hausa ta firamare da sakandare, babu wanda ake yawan kuka da shi kamar insha'i. Malamai na kukan ɗalibai ba su iya rubutu ba, masu duba takardun jarrabawa na kukan kurakurai sun yi katutu, iyaye kuwa na cewa yaro ya shekara tara a makaranta amma ba zai iya rubuta wa kawunsa wasiƙa mai ma'ana ba. Galibi akan ɗora laifin a kan ɗalibi, a ce ba ya karatu, ko kuwa a kan ƙarancin littattafai. Ba mu musanta waɗannan dalilai ba. Sai dai muna ganin akwai tambayar da ta kamata a fara yi kafin a kai ga rabon laifi, wato: idan ɗalibi ya ɗauki biro a ajin Hausa, maganar wa yake rubutawa, kuma wa yake rubuta wa?

Manufar wannan maƙala ita ce yin tsokaci a kan yadda ake koyar da rubutu a makarantunmu, ta la'akari da abubuwa biyu da ba a cika haɗa su wuri guda ba, wato koyo da iko. Abin da muke nufi da iko a nan shi ne damar yanke hukunci: wa ke zaɓen abin da za a rubuta, wa ke cewa ya yi daidai, kuma wace irin Hausa ce ke da 'yancin hawa takarda. Ra'ayinmu shi ne, hanyar da aka saba bi ta tattara wannan dama gaba ɗaya a hannun malami da mai jarrabawa, kuma hakan na tauye koyon kansa. Haka nan za mu nuna cewa sakin ƙa'ida ba shi ne magani ba.

2.0 Waiwaye a Kan Tarihi

Hausawa na cewa waiwaye adon tafiya. Rubutu a ƙasar Hausa bai taɓa rabuwa da iko ba. A makarantar allo yaro kan fara da babbaƙu, ya wuce farfaru, har ya kai munzalin da zai rubuta allonsa da kansa ya kai wa malam ya duba. Manufar wannan rubutu ita ce kiyaye nassi, inda sauya ko da wasali ɗaya kuskure ne, don haka kwafi da hadda su ne hanyar da ta dace da shi. Duk da haka, wannan tsari bai tsaya ga kwafi ba, domin shi ne ya haifar da marubuta irin su Nana Asma'u (1793-1864), wadda ta wallafa waƙoƙi da Larabci da Fulfulde da Hausa, jajinta na 'Yan Taru suka riƙa kai su ƙauyuka don karantar da mata.

Da Turawa suka zo, Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, ya kuma fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da boko a 1912. Babbar buƙatar gwamnatin wancan lokaci ita ce samun ma'aikatan da za su riƙe littattafan haraji da na shari'a a En'e. Rubutun da irin wannan aiki ke nema shi ne kyan hannu da amana wajen kwafi, ba a buƙatar ra'ayin magatakarda. Ko da aka kafa Hukumar Fassara a 1929, wadda ta rikiɗe zuwa Hukumar Talifi, sai da Rupert East ya shirya gasa a 1933 kafin aka sami ƙagaggun labarai irin su Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Wannan ya nuna cewa masu basirar suna nan, gayyata ce ba a yi musu ba.

Daga baya, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939 da shirin Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950 sun nuna wa talaka ɗaya fuskar al'amarin. Mutumin da ya iya karanta rasidin harajinsa, ya rubuta wasiƙarsa ba tare da ya tona sirrinsa ga mai rubuta wasiƙa na bakin gidan waya ba, har ya aika wa edita kokensa, ya sami wani rabo na iko. Ke nan mun gaji al'adu biyu, ta magatakarda mai kwafi da ta marubuci mai magana da bakinsa. Abin dubawa shi ne wacce daga cikinsu ta fi rinjaye a ajinmu na yau.

3.0 Rubutu a Matsayin Hanyar Koyo

Duk wanda ya taɓa zagaya makarantu don duba malamai masu gwajin koyarwa ya san yadda yawancin rubutun ɗalibi yake: malami ya cika allo da bayani, ɗalibai su kwafa, ko ya yi shifta su rubuta, ko a ba su jimloli su cike gurbi. A duk waɗannan ayyuka hannu ne ke aiki, tunanin kuwa an riga an yi shi a wani wuri. Ana ɗaukar rubutu a matsayin mazubin da ake adana ilimin da aka riga aka samu.

Binciken masana ya daɗe da nuna cewa rubutu ya wuce haka. A Ingila, James Britton da abokan aikinsa sun nazarci rubuce-rubucen ɗaliban sakandare fiye da 2,000, suka fitar da sakamakon a 1975. Sun gano cewa mafi yawan rubutun na isar da bayanin da malami ya riga ya sani ne, kuma kaso mafi tsoka ana yin sa ne ga malami a matsayinsa na mai jarrabawa. Irin rubutun da ɗalibi ke laluben fahimtarsa da shi, cikin harshen da ya kusanci maganarsa ta yau da kullum, kaɗan ne ƙwarai. A 1977 kuma Janet Emig ta Amurka ta kawo hujjar cewa rubutu hanya ce ta koyo mai zaman kanta, domin yana tafiya sannu a hankali, yana tilasta wa mai shi ya jera tunaninsa, sannan yana barin sawun da za a iya komawa a duba.

Mu ɗauki misali. Idan malami ya rubuta ma'anar karin magana a allo ɗalibai suka kwafa, zai yiwu su haddace ta ba tare da sun fahimta ba. Amma idan ya ce kowa ya rubuta wani abu da ya faru a gidansu ko unguwarsu wanda ya dace da "ramin mugunta a gina shi gajere", dole ne ɗalibi ya auna abin da ya gani da ma'anar karin maganar, ya zaɓi abin da zai fara da shi, ya yanke abin da zai bari. A nan ne fahimta ke samuwa, kuma a nan ne malami zai gane wanda ya fahimta da wanda ya haddace kawai.

4.0 Wuraren da Iko Ke Bayyana

Paulo Freire, masanin ilimi ɗan ƙasar Birazil, a littafinsa a kan ilimantar da waɗanda ake dannewa, wanda ya fito da Ingilishi a 1970, ya kwatanta wani nau'in koyarwa da ajiyar banki: malami na zuba ilimi a kan ɗalibi, ranar jarrabawa ya zo ya cire abinsa. A ganinsa, wanda ya taso a haka yakan saba da karɓa ba tare da tambaya ba. Ba lallai ne mu yarda da duk ra'ayoyinsa na siyasa ba kafin mu ga cewa kwatancin ya dace da darasin insha'i ta fuskoki huɗu.

4.1 Zaɓen Batu

Batutuwan da ake bayarwa sanannu ne: makarantarmu, ranar kasuwa, yadda na yi hutuna, bikin Sallah. Ana maimaita su shekara da shekaru har an sami amsoshin da ɗalibai ke gada daga yayyensu. Yaron da ke taya mahaifinsa noman rani ya san yadda ake rainon albasa tun daga iri har zuwa buhu, yarinyar da ke talla ta san lissafin riba da faɗuwa, amma ba safai ake neman wannan sani a takarda ba. Darasin da suke ɗauka a ɓoye shi ne abin da suka sani ba ilimi ba ne.

4.2 Mai Karatu

Kusan duk abin da ɗalibi ya rubuta mutum ɗaya ne ke karanta shi, kuma don ya ba da maki. Hatta wasiƙar da aka ce ya rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma a kan lalacewar rijiyar burtsatse, ya san ba za ta wuce teburin malam ba. Wanda ya san ba a sauraren sa ba zai wahalar da kansa wajen neman hujja ba.

4.3 Jan Biro

Gyaran da aka saba yi shi ne bin takarda layi-layi ana zagaye kurakuran harafi, a ƙarshe a rubuta maki. Da wuya ɗalibi ya ga an ce masa hujjarsa ta biyu ta fi ta farko ƙarfi, ko a tambaye shi abin da ya faru bayan nan. Saboda haka mai wayo yakan gajarta jimlolinsa, ya guji kalmar da ba shi da tabbacin rubutunta, ya faɗi kaɗan don kada ya yi kuskure da yawa. Ke nan jan biro ya koya masa tsoro a inda ake son ya koyi ƙwarewa.

4.4 Karin Harshe da Ajami

Daidaitacciyar Hausa ta fi kusa da Kananci. Yaron Sakkwato da ya rubuta "shina zamne" maimakon "yana zaune", ko "biyat" maimakon "biyar", bai yi kuskuren nahawu ba, ya bi nahawun karinsa ne daidai. Haka ma ɗan Zariya ko Bauci ko Jos da bai cika bambanta jinsin namiji da tamace ba. Idan aka zagaye waɗannan da ja ba tare da bayani ba, abin da yaro zai fahimta shi ne Hausar iyayensa gurguwa ce. Bugu da ƙari, akwai yaran da ke shigowa aji ɗaya sun riga sun iya sarrafa alƙalami da haruffan Larabci, wasu ma suna rubuta saƙo da ajami, amma a lissafa su cikin waɗanda ba su san komai ba.

5.0 Hattara da Gudun Gara

Wani zai iya fahimtar bayanan da suka gabata a matsayin kira ga a bar ɗalibi ya rubuta yadda ya ga dama. Wannan zai zama an gudu gara an faɗa zago. A Amurka an gwada hanyar da ta fifita 'yancin ɗalibi da bin matakan rubutu, wadda masana irin su Donald Graves suka yaɗa a shekarun 1980. Sai Lisa Delpit, malama Baƙar fata, ta yi gargaɗi a wata maƙala a 1988 cewa kowace al'umma tana da ƙa'idojin magana da rubutu na masu iko. 'Ya'yan masu hali suna tsintar su a gida, 'ya'yan talakawa kuwa sai an faɗa musu a fili. Malamin da ya ƙi koyar da su da sunan tausayi ya rufe wa ɗan talaka ƙofa ne.

Wannan gargaɗi ya shafe mu kai tsaye. Ƙa'idojin rubutun Hausa ba a rana ɗaya aka same su ba. An sha aiki a kansu tun daga Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955, zuwa taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980, kuma suna da amfani na zahiri. Wanda bai bambanta "baki" da "baƙi", ko "kafa" da "ƙafa", ko "bata" da "ɓata" ba, zai rikita mai karatu. Haka wanda ya haɗe "ta fi" ta koma "tafi", ko "ya yi" ta koma "yayi", ko ya kasa raba "a kan" da "akan". Ɗalibin da ya bar sakandare bai mallaki waɗannan ba, bai san tsarin wasiƙar neman aiki ko rahoton taro ko takardar koke ba, zai ci gaba da dogara ga wani ya rubuta masa.

Don haka saɓaninmu da hanyar da aka saba bai shafi wajibcin ƙa'ida ba. Ya shafi yadda ake gabatar da ita ne. A koyar da ita a matsayin yarjejeniyar da mutane suka yi don ɗan Katsina da ɗan Damagaram da ɗan zangon Kumasi su karanta takarda ɗaya, a bayyana dalilinta, a kuma nuna wa yaro cewa ƙari ce a kan karinsa. Yana iya sa ɗan wasansa ya yi Sakkwatanci a cikin labari, shi kuma mai ba da labarin ya bi daidaitacciya.

6.0 Manufar Harshe da Matsayin Rubutun Hausa

Akwai wani iko da ya fi na malami, wato na manufa. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977, da bugunta na baya kamar na 2004, ta tanadi a koyar da yaro da harshen uwa ko na muhalli a shekarun farko na firamare, sannan a koma Ingilishi. Gwajin Ife, wanda Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970, ya nuna cewa yaran da aka koyar da Yarabanci tsawon shekara shida ba su gaza takwarorinsu ba, har a Ingilishin. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince da manufar koyarwa da harshen uwa a duk shekaru shida na firamare, amma a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilimi ya ba da sanarwar janye ta da mayar da Ingilishi harshen koyarwa.

Ko mene ne ra'ayin mutum a kan wannan mataki, sakamakonsa ga batunmu a fili yake: darasin Hausa ya zama kusan wuri ɗaya tilo da yaro Bahaushe zai yi tunani a rubuce da harshen da ya fi ƙwarewa a ciki. Idan aka cinye wannan ɗan lokaci da kwafi da shifta, an yi asara biyu. Haka kuma ɗalibin da ke koyon Hausa a matsayin harshe na biyu a Aba ko Ibadan yana buƙatar rubutu mai manufa, kamar saƙo zuwa ga abokin ciniki a kasuwar shanu, fiye da jerin kalmomin da zai haddace.

Wata hujjar kuma tana wajen makaranta. Tun daga tsakiyar shekarun 1980 matasa, musamman mata, suka cika kasuwa da littattafan da aka laƙaba wa Adabin Kasuwar Kano. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta tana ƙarama aka yi mata aure, ta zama ɗaya daga cikin fitattun marubutansa. A yau ma dubban matasa na rubuta labarai a wayoyinsu suna yaɗawa ta Facebook da WhatsApp. Ana iya sukar ƙa'idar rubutunsu, kuma sukar na da tushe, amma ba za a ce ba sa son rubutu ba. Sun sami batu da masu karatu a waje, abin da aji ya hana su.

7.0 Shawarwari

Mun san halin da malami ke ciki. Bugun 2004 na manufar ilimi ya ƙayyade ɗalibai 35 ga malami a firamare da 40 a sakandare, amma a makarantun gwamnati da dama adadin ya zarce haka nesa. A ƙaddara malami na da aji biyar, kowanne da ɗalibai 80. Takardu 400 ke nan, idan ya ba kowacce minti biyar zai shafe sama da awa 33 a kan insha'i ɗaya. Shawarar da ba ta yi la'akari da wannan ba, tatsuniya ce. Don haka muna ba da waɗannan:

(a) A ware minti biyar zuwa goma a ƙarshen darasi ɗalibi ya rubuta abin da ya fahimta da abin da ya shige masa duhu. Ba a ba da maki, malami ya ɗauki goma kawai ya karanta don shirya darasi na gaba.

(b) Manhaja ta tanadi cewa aƙalla insha'i ɗaya a kowane zango ɗalibi ne zai zaɓi batunsa, ɗaya kuma ya kasance yana da mai karatu na gaskiya, kamar jaridar bango, ko wasiƙa zuwa wata makaranta, ko tarihin unguwa da aka ji daga bakin dattawa.

(c) A rage yawan insha'i a ƙara zurfinsa: a tsara, a rubuta, abokin zama ya karanta ya yi tambaya, a sake rubutawa. Malami ya duba na ƙarshe.

(d) A kowane gyara a ɗauki ƙa'ida ɗaya ko biyu da aka riga aka sanar, kamar haruffa masu lanƙwasa ko rabon kalma, sannan a rubuta jimla ɗaya a kan abin da ɗalibin ya faɗa.

(e) A bayyana wa ɗalibai ma'aunin ba da maki tun kafin su fara, a kuma warware musu samfurin kowane nau'in rubutu a allo, malami na rubutawa a gabansu yana gogewa yana gyarawa.

(f) Littafin jagoran malami ya ƙunshi jadawalin bambance-bambancen karin harshe, don malami ya rarrabe kuskure da kari.

(g) Kwalejojin ilimi su sa ɗaliban malanta su riƙa rubutu da kansu a kai a kai, domin wanda bai taɓa fama da gyaran rubutunsa ba zai yi wuya ya koya wa wani.

(h) Hukumomin jarrabawa su sake duba irin tambayoyin da suke yi, tun da abin da jarrabawa ke nema shi malami zai koyar.

8.0 Kammalawa

A wannan maƙala mun yi ƙoƙarin nuna cewa raunin ɗalibai a insha'i yana da alaƙa da yadda aka raba iko a aji. Mun ga cewa tarihi ya bar mana al'adar kwafi da ta wallafa, kuma ta farko ce ta mamaye darasin rubutu. Mun kuma nuna cewa ƙa'ida haƙƙin ɗalibi ce da ya wajaba a ba shi a fili tare da dalilinta. Abin da muke nema bai rage wa malami girma ba, domin shi ne zai ci gaba da tsara aiki da nuna hanya da yanke hukunci na ƙarshe. An dai ce a bar wa ɗalibi wani kaso na zaɓi, a kuma karanta abin da ya rubuta kamar yadda ake sauraren mai magana. Yaran da ke gabanmu su ne za su rubuta rahoton asibiti da ƙarar kotu da takardar koken ƙauyensu nan da 'yan shekaru, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.